Hana Senesh, sojan laima da ta ƙi tona asiri

1. Sojan laima

Daga shekarar 1939 zuwa 1945 an yi Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi a ƙasar Hausa suke kira Yaƙin Hitila. A wannan yaƙi ne aka fara amfani da sojojin laima masu yawa. Sojan laima shi ne wanda jirgin sama yake ɗauka, ya kai shi bisa ƙasar da abokan gaba suke riƙe da ita, shi kuma ya diro. Da Faransanci ana ce masa parachutiste. Yana goye da jaka a bayansa. Cikin jakar akwai babban ƙyalle mai ƙarfi, mara nauyi, wanda aka naɗe da kyau. In sojan ya faɗo daga ƙofar jirgi, sai wata igiya da ke ɗaure jikin jirgin ta fizgo ƙyallen. Iska ta cika shi, ya buɗe kamar laima. Daga nan sojan ya riƙa saukowa sannu sannu har ya taɓa ƙasa.

Aikin yana da hatsari ƙwarai. Wanda ya diro ba shi da hanyar komawa cikin jirgi. Mafi yawan sojojin laima maza ne, amma an sami mata kaɗan a cikinsu. Hana Senesh tana ɗaya daga cikin matan. Ta bar ƙasar haihuwarta, ta sami mafaka a wata ƙasa. Bayan ta tsira, sai ta koma da kanta inda ake kashe mutanenta. Can aka kama ta, aka kashe ta tana da shekara 23.

2. Ƙuruciya a birnin Budapes

An haifi Hana ranar 17 ga watan Yuli na 1921 a Budapes, babban birnin ƙasar Hungari, a tsakiyar Turai. Kogin Danub ya raba birnin biyu. Sunan Hana shi ne Hausawa suke kira Hannatu. Iyayenta Yahudawa ne. Mahaifinta, Bela Senesh, ɗan jarida ne, kuma yana rubuta wasannin kwaikwayo na ban dariya. Mutanen Budapes sun san shi sosai. Sunan mahaifiyarta Katalin. Tana da wa guda ɗaya mai suna Jorji, wanda ya girme ta da shekara ɗaya.

Bela yana da ciwon zuciya. Ya rasu a 1927 yana da shekara 33. A lokacin Hana ta kusa cika shekara 6. Katalin ce ta ci gaba da riƙon yaran biyu. Tun Hana tana ƙarama take son tsara waƙa, kamar yadda mahaifinta yake son rubutu. Da ta kai shekara 13 sai ta sami littafi, ta fara rubuta abubuwan da ke faruwa da ita da abin da ke ranta. Ta ci gaba da wannan rubutu kusan shekara 10. Daga wannan littafi ne aka san yawancin labarinta.

3. Wariya a makaranta

An sa Hana makarantar ƴammata ta Kirista ƴan Furotesta. Makarantar ta kuɗi ce, kuma kuɗin ba ɗaya ba ne ga kowa. Ɗiyar ƴan Katolika tana biyan ninki biyu na abin da ɗiyar ƴan Furotesta take biya. Ɗiyar Bayahude kuwa ninki uku take biya. Saboda ƙoƙarin Hana a aji, aka rage mata zuwa ninki biyu.

A 1937 ƴan ajinsu suka zaɓe ta ta riƙe muƙami a ƙungiyar adabi ta makarantar. Amma aka soke zaɓen, aka sake wani, don kawai ita Bayahudiya ce. Abin ya yi mata zafi. Ta daina shiga harkokin ƙungiyar.

Abin da ya faru a makaranta somin taɓi ne. Tun 1933 Hitila yake mulkin Jamus. Shi da jam'iyyarsa ta Nazi suna koyar da cewa wasu jinsunan mutane sun fi wasu daraja. Sun raina baƙar fata, sun raina ƙabilar Tsigan, sun kuma ɗora wa Yahudawa laifin duk wahalar da ta sami Jamus. Wannan ra'ayi ya yaɗu har Hungari. A 1938 gwamnatin Hungari ta yi dokar da ta rage yawan Yahudawa a aikin likita, da na lauya, da na jarida. A 1939 ta sake yin wata dokar da ta fi ta farko tsanani. Jorji ya tafi karatu birnin Liyon a Faransa. Hana kuwa ta fara koyon Ibrananci, tsohon harshen Yahudawa, ta yanke shawarar ƙaura zuwa Falasɗinu.

4. Baƙuwa a Falasɗinu

A wancan zamani Falasɗinu tana hannun Turawan Ingila. Mafi yawan mazaunanta Larabawa ne, Musulmi da Kirista. Yahudawa daga Turai suna ta zuwa da niyyar kafa ƙasarsu a wurin. Larabawa ba su yarda ba, don suna ganin za su rasa gonakinsu da ƙasarsu. Wannan saɓani ya haddasa yaƙe-yaƙe daga baya, kuma har yanzu bai ƙare ba. A 1939 Ingila ta rage yawan Yahudawan da za ta bari su shiga. Hana ta sami izinin shiga a matsayin ɗaliba.

Ta bar Budapes a watan Satumba na 1939, kwanaki kaɗan bayan ɓarkewar yaƙi. Tana da shekara 18. Ta bar mahaifiyarta ita kaɗai a gida. Ta shiga jirgin ruwa, ta sauka a tashar Haifa.

Ta yi shekara biyu a makarantar noma ta ƴammata da ke ƙauyen Nahalal. Yarinyar da ta tashi a babban birni cikin littattafai, ga ta nan tana tatsar shanu, tana kiwon kaji, tana wanki, tana aikin lambu cikin zafin rana. Harshen ma baƙo ne gare ta. Amma ta dage har ta iya rubuta waƙa da Ibrananci.

A 1941 ta shiga wani irin ƙauye da ake kira kibuts. Kibuts kamar gandu yake, sai dai mutanensa ba dangin juna ba ne. Gona ɗaya ce, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, kuma ba a biyan kowa albashi. Sunan nasu kibuts ɗin Sedot Yam. Yana bakin Bahar Rum, kusa da kufan tsohon birnin Kaisariya. Hana ta yi aiki a ɗakin girki, da wurin wanki, da ɗakin ajiya. A 1942 ta rubuta gajeruwar waƙa a kan tafiya zuwa Kaisariya. Daga baya aka sa mata kiɗa, ta zama ɗaya daga cikin sanannun waƙoƙin Ibrananci.

5. Shawarar komawa

Hana tana cikin aminci, amma hankalinta bai kwanta ba. Labari yana ta zuwa cewa ƴan Nazi suna tattara Yahudawan Turai suna hallaka su. Hungari ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, don haka wasiƙa ta yi wuya tsakanin Budapes da Falasɗinu. Iyalan da yaƙi ya raba sukan aika saƙo ta hannun ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, kuma saƙon ba ya wuce kalma 25.

A farkon 1943 Hana ta rubuta a littafinta cewa tana son ta koma Hungari, ta fito da mahaifiyarta, ta kuma taimaki sauran jama'a. A wannan lokaci sojojin Ingila suna neman mutanen da suka san harsunan tsakiyar Turai da hanyoyinta. Ana harbo jiragensu a can, matuƙa suna faɗawa hannun abokan gaba ko suna ɓuya a daji. Ingila tana buƙatar masu nemo su, su nuna musu hanyar gudu. Shugabannin Yahudawan Falasɗinu suka yarda su ba da matasa, da sharaɗin cewa matasan za su taimaki Yahudawa su ma.

Mutum wajen 250 suka ba da sunansu. Waɗanda aka tura Turai a ƙarshe su 37 ne, uku daga cikinsu mata. Hana ta shiga rundunar mata ta sojan sama na Ingila. Ta koyi dira da laima. Ta koyi harbi. Ta koyi aiki da rediyon aika saƙo. An ba ta sunan ɓoye, Hagar, wato Hajara.

Ana gobe za ta tafi Masar don ƙarasa horo, a farkon 1944, sai ga wanta Jorji ya iso Haifa. Ya gudo daga Faransa, ya bi ta Sifen. Shekaru ke nan ba su ga juna ba. Yini ɗaya kawai suka yi tare, kuma ba ta da izinin faɗa masa inda za ta. Wannan shi ne ganinsu na ƙarshe.

6. Dira a Yugosilabiya

Daga Alƙahira aka kai su kudancin Italiya. A tsakiyar watan Maris na 1944, da dare, jirgi ya ɗauki Hana da abokan aikinta, ya ƙetare teku da su. Suka diro a Yugosilabiya, ƙasar da ke kudu da Hungari. Yau babu ƙasa mai wannan suna, don ta rabu gida-gida tun daga 1991. A lokacin Jamusawa sun mamaye ta, amma ƴan sari-ka-noƙe na wani shugaba mai suna Tito suna riƙe da duwatsu da dazuzzuka. Su ne suka karɓi baƙin.

Kwana kaɗan bayan haka, ranar 19 ga Maris, sojojin Jamus suka shiga Hungari suka karɓe iko. Kafin wannan rana, Yahudawan Hungari wajen dubu 800 suna cikin wahala, amma yawancinsu suna nan a gidajensu. Yanzu komai ya sake. Daga 15 ga Mayu zuwa 9 ga Yuli, an cusa mutum wajen dubu 437 cikin taragon jirgin ƙasa, maza da mata, yara da tsofaffi. An kai kusan dukansu sansanin Aushwits a ƙasar Polan, aka kashe mafi yawansu da iskar guba ranar da suka isa.

Hana ta yi wata uku tare da mayaƙan Tito. Suna tafiya da ƙafa cikin daji, cikin sanyi da yunwa, suna kauce wa sojojin Jamus. Abokanta suka ba ta shawara ta dakata, domin an tsananta tsaro a iyaka. Ta ƙi. A ganinta, kowace rana aka jira, wasu mutane ne za su mutu. Kafin ta tafi, ta miƙa wa abokin aikinta Ruben Dafni ƴar takarda. A kanta ta rubuta gajeruwar waƙa game da ƙwayar ashana. Dafni ya rayu, takardar ma ta tsira.

7. Kamu

A farkon watan Yuni na 1944 Hana ta ƙetare iyaka ta shiga Hungari tare da wasu maza uku. Ba su yi nisa ba jandarmomin Hungari suka kama su, suka gano rediyon aika saƙo.

Rediyon kaɗai ba zai amfane su ba. Duk saƙon da ake aikawa da shi a juye yake. Ana musanya haruffa bisa wata ƙa'ida ta asiri, wadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai suka sani. Wannan ƙa'ida ita ce mabuɗin saƙo. Da abokan gaba sun sami mabuɗin, da sun riƙa aika saƙon ƙarya da sunan Hana. Da sun kira jiragen Ingila su kawo mutane da makamai wurin da aka ɗana tarko. Rayukan matuƙa jirgi, da na sauran sojojin laima, da na mayaƙan daji, duk suna rataye a bakinta.

An yi kwanaki ana dukanta. Har haƙorinta ya fita. Ta faɗi sunanta, amma ba ta ba da mabuɗin ba. Sai aka kai ta Budapes.

A nan suka yi wata dabara. Suka aika aka zo da Katalin. Ita uwar tana zaton ɗiyarta tana can Falasɗinu lafiya lau. Kusan shekara biyar ba ta gan ta ba. Aka buɗe ƙofa, sai ga Hana, fuska a kumbure. Aka ce wa uwar ta lallashe ta ta yi magana. Aka kuma tsorata Hana cewa in ta ƙi, uwarta za ta sha wuya. Wannan ya fi duka zafi, tun da saboda uwar ne ta fara tunanin dawowa. Duk da haka ba ta buɗe baki ba. Katalin ma ba ta matsa mata ba.

8. A gidan kaso

Aka tsare uwa da ɗiya a gidan kaso ɗaya, amma ɗaki daban daban. Sun yi wajen wata uku haka. Yawancin lokaci Hana ita kaɗai ce a ɗakinta. Tagar ɗakin tana sama. Takan hau bisa tebur da kujera don ta kai gare ta. Ta yanka manyan haruffa da takarda, tana nuna su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke ɗakunan da ke fuskantarta suna haɗawa suna karantawa. Da haka take ba su labarin yaƙi, tana ƙarfafa musu zuciya. Tana kuma yin ƴan tsana da tsumma da takarda, tana aika wa yara da matan da ke tsare. In an haɗa ta da wasu, takan koya musu Ibrananci.

Wasu sojojin laima biyu, Yowel Palgi da Peres Goldstain, sun shiga Hungari bayanta. Su ma an kama su. Palgi ya tsere daga jirgin ƙasa, ya rayu. Goldstain ya mutu a wani sansani a Jamus.

A ƙarshen watan Satumba aka saki Katalin. Nan da nan ta shiga neman lauya don ɗiyarta.

9. Shari'a da mutuwa

A tsakiyar watan Oktoba na 1944 shugaban Hungari, Horti, ya so ya fitar da ƙasarsa daga yaƙi. Jamusawa suka tuɓe shi, suka ɗora wata jam'iyya mai ra'ayi irin na Nazi. Kisan Yahudawa ya ƙaru a titunan Budapes.

Ranar 28 ga Oktoba aka kai Hana kotun soja. Tun da haifaffiyar Hungari ce, aka tuhume ta da cin amanar ƙasa. Ta tashi ta kare kanta. Ta nuna wa alƙalai cewa ba ita ta ci amanar Hungari ba, waɗanda suka miƙa ƙasar ga Hitila su ne suka ci amanarta. Alƙalan ba su faɗi hukunci ranar ba, suka ɗaga zaman. A lokacin sojojin Rasha suna matsowa kusa da birnin, manyan ma'aikata suna ta gudu.

Da safiyar 7 ga Nuwamba wani hafsa ya shigo ɗakinta. Ya sanar da ita an yanke mata hukuncin kisa, kuma tana iya roƙon afuwa. Hana ta nemi a ba ta damar ɗaukaka ƙara. Aka hana ta. Afuwa kuwa ta ƙi roƙo, domin mai laifi ne ke roƙon afuwa. Aka fito da ita farfajiyar gidan kaso. Ta ƙi yarda a rufe mata ido. Sojoji suka harbe ta. An binne ta a maƙabartar Yahudawa ta Budapes.

10. Bayan yaƙi

Ba da daɗewa ba aka kora Katalin da dubban mata da ƙafa zuwa iyakar Ostiriya. Ta sulale a hanya, ta ɓuya. Sojojin Rasha suka kama Budapes a watan Fabrairu na 1945, wata uku bayan mutuwar Hana. Yaƙi ya ƙare a Turai ranar 8 ga Mayu. Ƴan Nazi da masu taya su sun kashe Yahudawa wajen miliyan 6. Cikin mutum 37 da aka tura tare da Hana, bakwai ba su dawo ba.

Katalin ta isa Falasɗinu a 1945, ta sadu da ɗanta Jorji. Ta yi tsawon rai, ta rasu a 1992. A 1946 aka buga littafin Hana da waƙoƙinta, daga baya aka fassara su cikin harsuna da yawa. A 1950, shekara biyu bayan kafa ƙasar Isra'ila, aka tono ƙasusuwanta aka sake binne su a birnin Ƙudus. A 1993 kotun soja ta Hungari ta sake duba shari'ar, ta soke hukuncin, ta ce Hana ba ta da laifi.

Hana ba ta cim ma abin da ta je yi ba. Ba ta fito da mahaifiyarta ba, ba ta tsayar da jirgin ƙasa ko ɗaya ba. Abu biyu ne suka rage a hannunta, kuma ta riƙe su. Ta koma wurin mutanenta lokacin da kowa ke neman hanyar gudu. An ba ta amana, aka doke ta, aka tsorata ta da uwarta, amma ba ta saki amanar ba. Saboda haka ake tunawa da ita.

Tambayoyi

1. Yaya laimar soja take buɗewa?
2. A wane birni aka haifi Hana? A wace shekara?
3. Me ya sa aka soke zaɓenta a makaranta? Wannan adalci ne? Don me?
4. Waɗanne ayyuka ta koya a Nahalal?
5. Ta wace hanya kibuts ya yi kama da gandu? Ta wace hanya suka bambanta?
6. Me zai faru da jandarmomi sun sami mabuɗin saƙo?
7. Shekara nawa ke tsakanin mutuwar Hana da soke hukuncin da aka yi mata?
8. Ku nemi Hungari, da Italiya, da Masar a taswira. Ku nuna hanyar da Hana ta bi.
9. Ku rubuta jimla biyar a kan wani mutum na garinku da aka sani da riƙon amana.